Jan Magani a Hannun Inna Mai Kitso

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Mutum tara na sa wa magani yau a ɗakinmu na masu ciwon daji. An tashi lafiya. Na dawo gida na tarar an bar kwanuka a jiƙe tun safe, na yi faɗa da kowa, har da wanda bai ci a cikinsu ba.

Inna mai kitso ta zo karɓar magani karo na uku, ita da Autarta mai rako ta. Bakinta dai bai mutu ba. Ciwo ya ci mata nono ɗaya, magani ya kwashe mata gashi tas, amma tana zama ta ƙare wa kaina kallo ta ce, "Sista, wa ya yi miki wannan aika-aikar? Da ƙafa aka yi kitson nan?" Na ce mai kitson da ba ta da gashi ba ta da bakin magana. Kowa ya yi dariya, har mutumin kujerar ƙarshe da ba ya kula kowa. Ta ce in ta warke ita za ta gyara min kai, don tana jin kunyar a gan ni tare da ita.

Hannun dama kaɗai muke amfani da shi a jikinta. Na hagu ba a huda shi tun da aka yi mata tiyata a wannan gefen. Bayan an gama, hannun daman ya ɗan tasa. Kaɗan ne. Ba komai ba ne, zai sace.

Laraba, 5 ga wata, 6:15 na safe

Zai sace.

Laraba, 1:30 na rana, lokacin hutu

Na ɗauko fayil ɗinta na kwafi lambar Auta a wata 'yar takarda. Takardar tana aljihuna. In na kira me zan ce? Wai ina gaisuwa? Tun yaushe nake kiran mutane gaisuwa?

Na karanta abin da na rubuta jiya: "Magani ya shiga lafiya. Jini yana dawowa. Ba ƙorafi." Rubutuna ne, a tsare, ga sa hannuna a ƙasa.

Alhamis, 6 ga wata, 5:00 na yamma

Shekara goma sha bakwai ina neman jijiya a hannun mutane. Ban san wanda ya fara kirana Sau Ɗaya ba, amma sunan ya bi ni, har masu gadi da shi suke gaishe ni. Mutum sai ya bari layi ya wuce shi don ya jira ni, wai ni ba na huda mutum sau biyu. Nakan nuna abin ko a jikina. Ƙarya nake yi, daɗinsa nake ji har cikin raina.

Yau wani dattijo ya kira ni da sunan, na ji kamar ya zage ni.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Na buɗe firji zan ɗauko ruwa, na ga ƙanƙara, na mayar da ƙofar na rufe. Baban yara ya ce lafiya nake tsaye kamar an dasa ni. Na ce kaina ke ciwo.

Na wanke farin kayana da takardar a aljihu. Ta zama dunƙulen ɓawo. Wallahi ba da gangan ba ne, amma da na gani sai na ji sanyi a raina, wannan ne ya fi ba ni kunya.

Litinin, 10 ga wata, 4:45 na yamma

Ba su zo ba. Da wani abu ne da sun zo.

Laraba, 12 ga wata, 6:30 na yamma

Sun zo.

Auta ce ta shigo da ita, hannun a naɗe da ɗankwali. Da aka kwance, bayan hannun ya kumbura ya yi ja jawur, ya yi bororo manya uku, tsakiyarsa ya fara yin toka-toka. Yatsun sun yi suntum. Inna ba ta yi wasa da kowa ba yau.

Likita ya duba ya ce jan maganin ne ya zuba a waje da jijiya, ya shiga nama. Ba kamar ruwan gishiri ba ne da jiki zai shanye, wannan zama yake yi yana cin nama a hankali, sati da sati. Ya ɗauki fayil ya karanta layukana uku, ya gyaɗa kai. Ya tambayi Inna ko ta ji zafi ranar da aka sa. Ta ce ba ta tuna ba. Sai ya juya kan Auta ya ce me aka yi wa hannun a gida.

Ta ce, "Na ga ya kumbura ne, Likita, sai nake gasa mata da ruwan zafi safe da yamma, ina murza mata man zafi."

Ya wanke ta tas, a gaban mutum takwas da masu jinyarsu. Ya ce zafi ne ya buɗe wa maganin hanya ya bazu, wa ya ba ta aikin likita, kwana takwas tana dafa hannun uwarta ba ta iya ɗaukar waya ta tambaya ba. Ya ce mai yiwuwa ɗigo ne kaɗan da ba wanda zai lura da shi, ita ta mai da shi haka. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ni ina gefensa riƙe da tiren bandeji. Tiren bai ko girgiza ba.

An ba Inna gado a sama, ɗakin masu jiran tiyata.

Alhamis, 13 ga wata, 1:15 na rana

Babbar Sista ta kira ni ofis. Na tafi, na ma shirya abin da zan fara cewa. Ashe so take gobe in tara ma'aikata in tuna musu yadda ake yi idan magani ya zuba. Ta ce, "Ke ce babba a hannu, daga bakinki zai fi shiga." Na ce to.

Juma'a, 14 ga wata, 5:30 na yamma

Na yi. Mutum goma sha ɗaya, wasu a zaune kan kujerun marasa lafiya, ni a tsaye gaban allo.

Na ce da mara lafiya ya ce yana jin zafi ko cizo ko ƙuna, a tsaya, ko da ido bai ga komai ba. Kada a zare kanula, wato 'yar robar da ke cikin jijiya. A bar ta, a sa sirinji a zuƙo abin da za a iya zuƙowa, sannan a cire. Kada a danna wurin, kada a murza. A zagaye kumburin da biro don a san ko yana ƙaruwa. A ɗaga hannun sama, a kira likita nan take. Na ce jan magani ƙanƙara yake so, minti ashirin sau huɗu a yini, don sanyi ya tsare shi wuri ɗaya, amma akwai wani fari da ɗumi yake so, saboda haka a duba suna kafin a ɗora komai. Na nuna musu kabad ɗin da makarin jan yake ciki, na ce ba ya aiki sai an fara shi cikin awa shida. A rubuta komai. A faɗa wa mara lafiya da mai jinyarsa gaskiya, a gaya musu abin da za su yi a gida, a kira su washegari.

Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Har tafi suka yi min. Likita ya leƙo ya ce ya kamata a buga maganata a manna a bango.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Lahadi, 16 ga wata, 3:00 na yamma

Kowa ya fita. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zan samu abinci ya wuce min.

Jijiyoyin damtsenta sun ɓuya saboda magungunan baya. Na samu wata siririya a bayan hannu, daf da wuyan hannu, wurin da ni da bakina nake hana mutane taɓawa. Na shiga, jini ya ɗan leƙo, amma yatsana ya gaya min robar ba ta zauna ba. A daidai lokacin Inna tana cika baki da ni a gaban wata sabuwar mara lafiya da tsoro ya kama. Tana ce mata, "Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, wannan sau ɗaya take yi." Matar tana kallon hannuna. Sai na manna filasta.

Jan maganin da sirinji ake tura shi a hankali, ana tsayawa ana ja baya a ga jini ya dawo. Na ja a farko. Ban sake ja ba, don ina tsoron abin da zan gani. Ta ce, "Sista, yau yana ɗan cizo." Na ce, "Haka yake, Inna."

Saura kaɗan ya ƙare na ga wurin ya taso kamar rabin ƙwai. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Ya zare robar, ya danna auduga, ya murza, yadda ya saba yi in ruwan gishiri ne. Ina cikin murzawa na gane abin da na yi. Na kalli agogon bango, sha ɗaya da minti goma. Likita yana ɗakin da ke kusa, ina jin muryarsa. Ina da lokaci har ƙarfe biyar da minti goma.

A bakin ƙofa Auta ta ce, "Sista, kumburin nan fa?" Na faɗa mata abin da na yi ta faɗa wa kaina, cewa zai sace. Ko kalmar ƙanƙara ban furta ba, don in na ce ƙanƙara za ta tambayi dalili.

Na tashi aiki ƙarfe huɗu. Biyar da minti goma ina tsaye ina faɗa kan kwanuka.

Abincin dai bai wuce ba.

Talata, 18 ga wata, 1:40 na rana

Kwana shida ina zagayawa ta baya don kada in bi ta gindin bene. Yau na manta, muka yi kiciɓis da Auta, tana zaune a kan matakala da fulas ɗin abinci a cinya. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta miƙe ta gaishe ni har da rusunawa.

Na ce me take yi a nan, ba ta ciki. Ta ce Yayansu ya ce kada ta sake taɓa Inna, ta kawo abinci ta ajiye, matarsa ce za ta riƙa ba ta. Ta ce, "Gaskiyarsa ne, Sista. Ni na ƙona ta. Tana cewa ruwan ya yi zafi, ina cewa ta daure." Ta ce ba ta iya kallon bandejin.

Na dafa kafaɗarta na ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Ta yi min godiya. Ta ce duk asibitin nan ni kaɗai ce ban yi mata kallon banza ba.

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ba ta tsage ba, na koma na sa wa mutum huɗu magani.

Alhamis, 20 ga wata, 6:00 na yamma

An aiko daga sama. Gobe za a shiga da Inna tiyata a yanke naman da ya mutu, ana bukatar jininta, sun yi ta neman jijiya sun kasa. Hannu biyu duk ba dama, sai ƙafa. Ta ce a kira mata Sau Ɗaya.

Na hau. Ɗakin gado shida ne, nata na jikin taga. An ɗaga hannun a kan filo biyu. Akwai wari, duk da turaren da suka fesa. Matar ɗanta ta fita ta ba mu wuri.

Na tsuguna a ƙafarta. Na huda, ban samu ba. Na sake, ban samu ba. A na uku jini ya zo. Ta ce, "Yau kuma Sau Uku aka aiko min." Na yi ƙoƙarin dariya.

Ina manna auduga ta ce, a hankali, idonta a kan taga, "Ranar nan ai na ce miki yana cizo."

Na ci gaba da danna audugar.

Ta ce, "Likita ya tambaye ni na ce ban tuna ba. Na tuna sarai. Na ga fuskarki ranar, na kuma ga fuskarki a bayansa. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba, ba aikina ba ne. Shekara talatin da biyar ina riƙe kan mutane, na san hannu yana kuskure. Amma ni in na ja gashi aka ce wash, sassautawa nake yi."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Ni na ce wa Auta ba laifinta ba ne, ba ta yarda ba, ta ce rarrashinta nake yi. Yarinyar nan ba ta cin abinci, Sista. Ɗauki jininki ki kai musu, kada ya daskare."

Asabar, 22 ga wata, 4:30 na yamma

Na faɗa wa Baban yara, duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Za su kore ki?" Na ce mai yiwuwa, ko su karɓe takardar aikina. Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Ya ce, "Dama sati uku ke nan ba ke kike dawowa gidan nan ba."

Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Can na ji motsi, na leƙa na same shi yana goge min farin kayana, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ɗan ƙona aljihun.

Litinin, 24 ga wata, 4:20 na yamma

Na kai har ƙofar ofis ɗin Babbar Sista. Tana waya. Na ce ai ba a katse mai waya.

Talata, 25 ga wata, 5:15 na yamma

Yau ce ranar maganin Inna na huɗu. An ɗaga, sai ciwon hannun ya rufe, ciwon dajin kuwa ba ya jiran kowa. Wani aka zaunar a kujerarta.

Na ga rahoton likitan tiyata. Maganin ya ci har jijiyoyin da ke motsa yatsu. Za a ɗebo fata daga cinyarta a rufe wurin. Babban yatsa da manuni da na tsakiya ba za su ƙara lanƙwasa yadda suke ba. Mai rahoton bai san sana'arta ba, ya rubuta cewa za ta iya riƙe kofi.

Laraba, 26 ga wata, 2:00 na rana

Na rubuta shafi biyu da hannuna na kai wa Babbar Sista. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta cire tabarau ta ce, "Kuma kika bari na sa ki gaban allo?" Na ce e.

Ta kira Likita. Ya karanta, ya kai wurin sha ɗaya da minti goma, ya ɗago ya ce, "Ina nan fa. Ina ɗakin da ke kusa." Na ce na sani, ina jin muryarsa. Ya ce, "Kin san abin da na faɗa wa yarinyar nan?" Na ce ina wurin.

An dakatar da ni daga taɓa mara lafiya sai kwamiti ya zauna. Likita ya ce shi zai je ya yi wa iyalin bayani. Na roƙe shi ya bar ni in fara ganin Auta.

Alhamis, 27 ga wata, 6:10 na yamma

Na je da kayan gida, ba farare ba. Da farko ba ta gane ni ba. Na zauna a matakalar da ke ƙasa da tata, na faɗa mata tun daga robar da ba ta zauna ba har zuwa abin da na ce mata a bakin ƙofa. Ban ce ƙaddara ba.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ruwan zafin da na sa fa?"

Na ce, "Ya ƙara. Amma ba shi ya kawo abin ba, kuma ba ki sani ba, ni na sani. Da na ce ki sa ƙanƙara, da ƙanƙara kika sa."

Ta ce, "Da na sa. Da na kwana ina sawa."

Ta kalli fulas ɗin. Ta ce, "Ranar da kika dafa ni a nan, kin sani?" Na ce na sani. Ta ɗan matsa, kaɗan, ta janye gefen zanenta daga jikina.

Ta ce, "Da kin yi magana ranar, da hannun ya tsira?"

Na san abin da ake cewa a irin wannan wuri, cewa ba wanda ya sani sai Allah. Na ce, "Mai yiwuwa ƙwarai. Akwai makarinsa, in an fara da wuri. Yana cikin kabad, bai fi taku goma daga inda nake tsaye ba."

Ta ce, "Taku goma."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Yaya zai zo ƙarfe huɗu. Ki jira, ki maimaita a gabansa yadda kika faɗa min, kada ki rage komai." Na jira, na maimaita. Ya faɗi maganganu da yawa, ban ji ƙarya a ciki ba. Yana cikin faɗa Auta ta ɗauki fulas ɗinta ta wuce ta gabansa ta haye sama ta shiga ɗakin, ba ta nemi izinin kowa ba. Na bi bayanta, ta ƙofa na hango ta ja kujera ta zauna, ta buɗe abincin, tana ba Inna cokali ɗaya tana cin ɗaya.

Juma'a, 28 ga wata, 9:30 na safe

Na je ɗakinmu kwaso kofina da takalmin aiki. Ba a fara sa magani ba, kujerun babu kowa. Na tsaya inda na tsaya ranar, na taka zuwa kabad ɗin ina ƙirgawa.

Ko a nan ma na ƙara wa kaina. Taku bakwai ne.